Shin Wasa Yana Zama Sadaka?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ke jarraba bayinSa da wadata kamar yadda Ya ke jarraba su da tsanani. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, mas'alar da za mu duba a wannan mako daga ƙasashe masu nisa ta taso, amma hukuncinta ya game kowa.

Ran 26 ga Disamba, 2004, aka yi wata girgizar ƙasa mai tsanani a ƙarƙashin teku, kusa da tsibirin Sumatra na ƙasar Indunisiya. Teku ya kumbura ya afka wa ƙasashen da ke gaɓarsa, tun daga Indunisiya da Tailan da Siri Lanka da Indiya, har Somaliya a nan Afirka. Mutum wajen 230,000 suka halaka, fiye da rabinsu kuwa a lardin Aceh ne, inda kusan kowa Musulmi ne. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Kwana 15 bayan wannan masifa, watau ran 10 ga Janairu, 2005, sai mutum fiye da 70,000 suka taru a babban filin wasa na birnin Melbon, a ƙasar Ostireliya, domin kallon wasan kurket. Ga wanda bai san shi ba, kurket wasa ne da Ingilishi suka yaɗa a ƙasashen da suka mallaka. Mutum 11 ne a kowane gefe, wani ya jefo ƙwallo mai tauri, wani ya doke ta da katako mai faɗi, sa'an nan ya sheƙa a guje tsakanin turaku ana lissafa masa maki. A nan ƙasar bai kai ƙwallon ƙafa karɓuwa ba, amma a Pakistan da Bangladash da Afganistan da Indiya, inda Musulmi ɗaruruwan miliyoyi su ke zaune, babu wasan da ya kama ƙafarsa. A wannan rana gwanayen nahiyar Asiya, Sourav Ganguly na jagorantarsu, suka kara da gwanayen sauran duniya ƙarƙashin Ricky Ponting. Abin da aka tara ya wuce dalar Ostireliya miliyan 14, aka miƙa shi ga ƙungiyar agaji ta World Vision domin waɗanda ruwa ya ɗaiɗaita.

Tun daga lokacin nan, duk sa'ad da wata masifa ta auku a ƙasashen kurket, sai an ta da wannan magana: shin ya kamata 'yan wasan da wasa ne sana'arsu su yi wasa domin agaji? Wasu suna ganin wajibi ne a kansu, har su kan zagi wanda bai fito ba. Wasu kuma suna ganin abin ƙyama ne a yi ta tafi da sowa alhali ba a gama binne gawawwaki ba, sun ce neman suna ne kurum aka sa masa rigar sadaka. To, sai mu bi hujjojin ɗaya bayan ɗaya, mu ɗora su bisa ma'aunin shari'a.

Hujja ta farko ita ce, wai wasa lahawu ne, watau shagala, shagala kuwa ba ta dace da ranar makoki ba. Gaskiya ne Musulunci bai yarda mutum ya mayar da rayuwarsa duka wasa ba. Amma bai haramta wasan motsa jiki ba. Ya inganta cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa an yi sukuwar dawaki a Madina, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, ya kuma bar Habashawa suna wasa da masu a cikin masallacinsa. Daɗa kuma, ga mai kallo ne kurket ya ke nishaɗi. Ga wanda ke cikin fili kuwa aiki ne, da shi ya ke ci da iyalinsa, kamar yadda maƙeri ke ci da maƙera. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Mas'ud, Allah Ya yarda da shi, cewa da aka umurci sahabbai da yin sadaka, waɗanda ba su da kome sai su tafi su yi dako, a biya su, su kawo ladan dakon su bayar. Watau sun juya sana'ar yini guda ta koma sadaka. Ɗan wasan da ya ba da yininsa da ƙarfinsa da gwanintarsa kyauta, kuɗin ƙofa ya tafi ga mabukata, a kan wannan hanya ya ke tafiya, muddin wasan nasa bai ƙunshi haram ba.

Kada kuma a ɗauka bayarwar tasu ba ta da nauyi. A cikin waɗanda suka yi wasan Melbon akwai Muttiah Muralitharan, mutumin Siri Lanka, wanda shi kansa da ƙyar ya tsira, domin yana kan hanyarsa ta zuwa wani ƙauye na bakin teku ruwan ya riga shi isa. A wannan fili na Melbon ne, cikin 1995, alƙalin wasa ya yi ta hukunta shi gaban jama'a, wai jifarsa ba ta bisa ƙa'ida. Ɓacin ran da ya biyo bayan wannan zargi ya kai har a 2004 ya ƙi bin ƙungiyar ƙasarsa zuwa Ostireliya. Amma da aka ce domin waɗanda ruwa ya cinye ne, sai ya haɗiye fushinsa ya koma filin, ga shi kuwa bai daɗe da yi masa aiki a kafaɗa ba. Shi ba Musulmi ba ne, amma Musulmi ya fi kowa cancantar ya gane darajar irin wannan hali, tun da addininsa ya yabi masu haɗiye fushi, ya kuma umurce shi a farkon Suratul Ma'ida da taimakekeniya a kan aikin alheri.

Hujja ta biyu ta fi ta farko ƙarfi. Masu ita sun ce, waɗannan mutane masu kuɗi ne, in da gaske su ke, me zai hana kowanensu ya sa hannu a aljihu ya bayar a ɓoye? Ina amfanin fitilu da masu ɗaukar hoto? Ashe wannan ba riya ba ce? Kalmar riya a Larabci daga gani aka ciro ta, watau yin aiki domin a gani, wasa kuwa dukansa domin a gani a ke yinsa. Lalle haɗarin riya ba ƙarami ba ne. Muslim ya ruwaito cewa a cikin mutum uku da za a fara yi wa hukunci ranar Alƙiyama akwai mai kyauta wanda ya bayar domin a kira shi mai kyauta. An kuma lissafa mai ɓoye sadakarsa a cikin mutum bakwai da Allah zai sanya a inuwarSa. Duk ɗan wasan da ke tsoron Allah ya wajaba waɗannan hadisai biyu su hana shi barci.

Amma fa Alƙur'ani, a Suratul Baƙara aya ta 271, ko da ya ke ya fifita ɓoye sadaka, ya yabi bayyana ta. Malamai sun yi bayani cewa bayyanawa ta kan zama ita ce mafi alheri ga mutumin da a ke koyi da shi, idan ganin nasa zai sa wasu su bayar. Dubi abin da Muslim ya ruwaito daga Jarir ɗan Abdullahi. Wata rana waɗansu mutane daga ƙabilar Mudar suka iso Madina ba takalma, ba suturar kirki, yunwa ta bayyana a jikinsu. Fuskar Manzon Allah (S.A.W.) ta canja saboda tausayi. Bai aika a bi gida gida a asirce ba. Sai ya sa Bilal ya kira salla, ya yi huɗuba, ya kwaɗaitar da kowa ya kawo abin da ya ke da shi ko da tsagin dabino ne. Wani mutumin Madina ya taso da jakar kuɗi wadda hannunsa ya kusa kasa ɗauka. Da mutane suka gan shi sai suka biyo baya, har aka tara tsibi biyu na abinci da tufafi, fuskar Annabi ta yi haske don murna. A nan ne ya yi albishir cewa wanda ya fara buɗe hanyar alheri yana da ladansa da kwatankwacin ladan waɗanda suka bi shi. To, wannan gidauniya ce a bainar jama'a, kuma ganin mai jakar nan shi ya motsa sauran.

Lissafi ma ya goyi bayan haka. 'Yan wasa 22 ne a wasan, kome kaurin aljihunsu ba zai kai abin da mutum 70,000 da miliyoyin masu kallo a talabijin da kamfanoni za su haɗa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Babbar dukiyar da shahararren ɗan wasa ya mallaka ita ce idon jama'a da ke kansa, in ya juya sai a juya tare da shi. Wannan ni'ima ce, kowace ni'ima kuwa za a tambayi mai ita a kanta. Ba kuma a ce in ya yi wasa an ɗauke masa bayarwa daga aljihu ba. A 2022, da ambaliya ta shafi mutum miliyan 33 a Pakistan, ta kashe fiye da 1,700, hukumar kurket ta ƙasar ta ba da kuɗin ƙofa na wasan farko da aka yi da Ingila a Karaci, shi kuma Ben Stokes, shugaban 'yan wasan Ingila, ya ba da ladansa na wasannin da ya yi a ƙasar cikin Disamba na shekarar. Ƙofofin biyu a buɗe su ke.

Akwai kuma gargaɗi mai tsanani ga mai saurin jifan mutane da riya. A cikin wancan hadisi na Abu Mas'ud, an ce Abu Aƙil ya kawo rabin sa'i, wani kuma ya kawo abu mai yawa. Sai munafukai suka ce, Allah ba Ya bukatar ɗan abin da na farko ya kawo, na biyu kuwa don a gan shi ya yi. A kansu aya ta 79 ta Suratut Tauba ta sauka. A lura, su ba su kawo kome ba, aikinsu kurum auna zukatan masu kawowa. Haka kuma da Usamatu ɗan Zaidu ya kashe wani mutum a fagen yaƙi bayan ya furta kalmar shahada, ya ce ai tsoron takobi ne ya sa shi, Annabi (S.A.W.) ya tsawata masa ƙwarai, ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyar mutumin ne ya duba. Saboda haka niyyar ɗan wasa tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Shi ya yi ta tuhumar kansa, mu kuwa mu kame bakinmu.

To, in ba a ba mu ikon binciken zuciya ba, me aka ba mu? An ba mu ikon binciken jaka. Annabin da ya hana Usamatu shiga zuciyar mutum, shi ne ya zaunar da Ibnul Lutbiyya ya yi masa lissafi. Wannan mutum an aike shi karɓar zakka, da ya komo sai ya ware wani kaso ya ce wannan kyauta aka yi masa. Annabi (S.A.W.) ya hau mumbari ya yi faɗa, ya nuna cewa da ya zauna a gidan iyayensa da ya ga ko kyautar za ta same shi, ya kuma yi gargaɗin cewa duk wanda ya ɗauki wani abu daga irin wannan dukiya zai zo da shi a wuyansa ranar Alƙiyama. A nan ne, a ganina, mutane suka juya al'amari. Sun ɓata ƙarfinsu wajen gardama a kan niyyar 'yan wasa, abin da ba za su taɓa sani ba, sun bar tambayar da ke hakkinsu: nawa aka tara, nawa aka kashe wajen jirgi da masauki da talla, nawa ya isa hannun matar da ruwa ya tafi da ɗakinta? In ba a yi wannan tambaya ba, sai a wayi gari kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Sunan waɗanda masifa ta sama aka sayar, don haka kowane kwabo nasu ne, wanda ya riƙe shi kuwa ɗan amana ne.

Bayan lissafi sai tambayar inda za a kai kuɗin. Ran 31 ga Mayu, 2018, an yi wani wasa a filin Lord's da ke Landan, bayan guguwar Irma da ta Maria sun ragargaza tsibiran Karebiyan cikin Satumba, 2017. Shahid Afridi na Pakistan ya jagoranci 'yan wasan duniya a ranar. Kuɗin da aka tara domin gyaran filayen kurket ne da guguwar ta lalata, irin su Windsor Park na tsibirin Dominika. Tun farko an faɗi haka a fili, saboda haka babu yaudara a ciki, gyaran filin wasa kuma ba laifi ba ne. Sai dai malaman Usulu, irin su Gazali da Shaɗibi, sun kasa bukatun ɗan Adam hawa uku: larura, wadda rai ba ya tsayawa sai da ita, sa'an nan bukata, sa'an nan ƙawa. Abinci da ruwan sha da magani da rufin ɗaki suna hawa na farko, filin wasa kuwa yana can baya. Ya kamata mai bayarwa ya san wane hawa kuɗinsa za su tafi, kada ya sayi tikiti yana zaton ya ciyar da maraya alhali kujerun 'yan kallo ya gyara.

Shi ma mai kallo akwai abin da ya kamata ya sani. Kuɗin tikiti ba ya zama zakka, domin zakka tana da mutanenta takwas da aka ƙayyade a Suratut Tauba aya ta 60, ba a kuma karɓar wani amfani a madadinta, shi kuwa ya karɓi kujera da kallo. In ya saya da nufin taimako, muna fata Allah Ya ba shi ladan niyyarsa. Amma kada ya fito daga fili yana jin ya sauke nauyin 'yan'uwansa duka da nishaɗin yini ɗaya.

Sharaɗi na gaba shi ne tsarkin hanya, domin Allah mai tsarki ne, ba Ya karɓar sai abu mai tsarki. Kurket wasa ne da 'yan caca suka daɗe suna kewaya shi. A watan Agusta na 2010, sa'ad da ambaliya ta raba mutum wajen miliyan 20 da zaman lafiyarsu a Pakistan, a daidai lokacin ne aka kama 'yan wasan ƙasar uku da laifin yin kuskure da gangan a filin Lord's domin amfanin masu caca, har kotu a Landan ta ɗaure su a 2011. Wasan agaji da kamfanin caca ko na giya ya ɗauki nauyinsa yana tallar hajarsa, an zuba najasa ke nan a ruwan alwala. Kada wani ya ce ba a iya kauce wa wannan. Hashim Amla na Afirka ta Kudu ya yi shekaru yana wasa wa ƙasarsa ba tare da ya sa tambarin kamfanin giya a rigarsa ba, hakan kuwa bai hana shi zama ɗaya daga cikin gwanayen zamaninsa ba. Haka nan salla. Wasan kurket na yini guda ya kan ci wajen awa takwas, lokacin salla biyu ko uku zai shiga a cikinsa, babu kuwa sadakar nafila da ke biyan bashin farilla.

Saura maganar wajibci. Ceton wanda masifa ta sama farali ne na kifaya, yana kan al'umma duka, musamman masu mulki da mawadata, in wasu sun tsaya da shi ya faɗi daga kan saura. A shekara ta 18 bayan Hijira, da fari ya kama Hijaz, Sayyidina Umar bai jira masu sa kai ba. Ya rubuta wa gwamnoninsa su aiko da abinci, shi kansa kuma ya haramta wa bakinsa man shanu har jama'a suka wadata. Saboda haka kada hukuma ta fake da 'yan wasa ta yi barci. Shi kuwa ɗan wasa, jikinsa ne jarinsa, yana kuma da alkawarin aiki da ƙungiyar da ke biyansa, cika alkawari kuwa wajibi ne. In yana da rauni, ko ba a ba shi izini ba, ko ya zaɓi ya bayar a ɓoye, babu mai ikon tozarta shi. Dukiyar mutum ba ta halatta sai da daɗin ransa, malamai ma sun ce abin da aka karɓa ta hanyar kunyata mutum ɗan'uwan ƙwace ne. Amma wanda ke da lafiya da dama, ya san fitowarsa za ta jawo dubbai, sa'an nan ya noƙe don ƙyuya, lalle ya bar alheri mai yawa ya wuce shi.

Abu na ƙarshe da za a kiyaye shi ne, zafin tausayi ba ya daɗewa. Bayan wasan Melbon an shirya na biyu a Kalkata ta ƙasar Indiya, aka ɗaga shi, daga baya aka fasa, alhali gina Aceh ya ɗauki shekaru. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Wasan agaji kamar kiran da Bilal ya yi ne ranar mutanen Mudar, amfaninsa ya tara jama'a, tsibin abinci da tufafi kuwa sai an bi shi har ya isa ga masu shi.

A taƙaice dai, amsar tambayarmu ita ce, na'am, ya kamata su yi, abin so ne ƙwarai ga mai iko, ba a kuwa tilasta wa mai uzuri. Sharaɗi shi ne a tsarkake wasan daga caca da giya, a kiyaye salla, a faɗa wa jama'a tun farko inda kuɗin za su, a kuma buga lissafi kowa ya gani. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Mu ma mun ga yadda madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle cikin Satumba, 2024, ruwa ya mamaye Maiduguri. Hukuncin ɗan kurket shi ne hukuncin ɗan ƙwallonmu da ɗan dambenmu da duk wanda Allah Ya ba farin jini. In sun taso domin agaji mu kyautata musu zato, sa'an nan mu nemi lissafi daga masu riƙe jaka ba tare da jin kunya ba, domin hakkin marayu ne mu ke nema.

Allah Shi ne Mafi sani. Muna roƙonSa Ya tsarkake niyyoyinmu, Ya kiyashe mu daga cin amana, Ya tsare ƙasashen Musulmi da sauran bayinSa daga masifun ruwa da wuta da iska. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.